Wanzamin Bejin da Wanzamin Bakin Kasuwa

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da mu 'yan boko, musamman mu da muke cin abinci da alli a jami'a. Idan aka ce wane ya tafi wurin wanzami an yi masa ƙaho saboda ciwon baya, sai ka ga mun taɓe baki muna cewa har yanzu da sauran aiki a ƙasar nan. Amma idan aka ce wance ta je an soka mata allurai ashirin a gadon baya irin na mutanen Sin, nan da nan sai a gyara zama, a shiga tambayar kwatancen wurin. Na farko sunansa duhun kai, na biyu kuwa an raɗa masa suna da Turanci, wai shi magani ne mai rakiyar na asibiti. Ni dai a nawa ganin ba cinya ba ce, ƙafar baya ce, kuma abin da nake so in nuna ke nan a wannan ɗan rubutu. Na san kafin in kai ƙarshe zan ɓata wa ɓangarori biyu rai, wato masu rawar ƙafa kan kayan baƙi da masu rantsuwa da zabirar kakanni. Dukansu su yi haƙuri.

Bari mu fara daga gida. Duk wanda ya zauna a Anguwan Rukuba (haka muke kiran ta a nan Jos, malaman nahawu su kau da kai) ya san cewa ciwon jiki shi ne abincin yau da gobe na mutanenta. Gari ne da ke kan tudu mai tsawon fiye da mita 1,200, idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu har ƙashi sai ya gaya maka yana nan. A cikin wannan sanyi ne mata ke sammakon zuwa Faringada su ɗauko buhun kabeji da karas, maza na fasa dutse ko tura baro, masu Keke na wuni a dunƙule suna faɗawa ramukan hanya, ga tsofaffin da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a ramin kuza. Da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka tarar da mai kukan ƙugu ko gwiwa ko sanyin ƙashi ba. Irin wannan ciwo ba ya kisa, ba ya kuma tafiya. Mai shi ya je asibiti ya bi layi tun safe, an ba shi ƙwayoyi, ya sha, ciwon ya lafa kwana huɗu ya dawo. To, mutumin da ke cikin wannan hali, duk wanda ya ce masa ga sauƙi, zai bi shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kiwon lafiyarmu kuwa ya daɗe da tsagewa. Tun a 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, mai masaukin baƙin kuwa ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Saboda haka ba talakan da ke neman sauƙi nake tuhuma ba. Tuhumata tana kan mu da muka yi karatu, waɗanda ya kamata mu auna kaya kafin mu yabe shi.

Mene ne wannan abu da Turawa ke kira akufanca? A taƙaice, tsoffin likitocin Sin sun yi imani cewa akwai wani ƙarfin rai da suke kira ci, wanda ke gudana a jikin mutum ta wasu manyan hanyoyi goma sha biyu. Idan ya toshe ko ya karkata sai cuta ta samu, idan aka soka tsinke a wasu gurabe da aka sani sai ya koma kan hanyarsa. An tsara wannan tunani a littafin da ake kira Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, a yau kuma gurabe 361 ne aka daidaita a kansu. Har gobe babu mai fiɗar gawa ko mai madubin likita da ya taɓa ganin waɗannan hanyoyi goma sha biyu. Mai karatu ya ajiye wannan a gefe guda, ya ɗauko bayanin wanzami a ɗaya gefen, wanda ke cewa mataccen jini ne ya taru a kafaɗa, ko sanyi ne ya shige ka, sai an tsaga an zuƙe shi. Don Allah wanne ne ya fi wani hujja? Duka biyun ƙoƙari ne na mutanen da, masu kaifin hankali, na bayyana ciwo a zamanin da ba a san ƙwayar cuta ba. Bambancin kawai shi ne ɗaya yana da zane mai launi da ake mannawa a bango, ɗaya kuma bayaninsa a ka yake.

Abin da masu tallar ba sa faɗa shi ne, tsohon mai wannan sana'a a ƙasar Sin wanzami ne sak. Tsoffin littattafansu sun lissafa tsinke iri tara, a ciki har da mai kaifi na fitar da jini da mai faɗi na fasa ƙurji. Wannan ai shi ne tsaga da sakiya. Suna ƙona ganye a kan fata kamar yadda ake lalas a wurinmu, suna kuma kafa ƙaho. Siririyar allurar nan mai kamar gashi da ake gani yau, gyara ne na ƙarni na ashirin, wanda mutane irin su Cheng Dan'an suka yi daga wajen 1930 don su kusantar da sana'ar ga ilmin jijiyoyi.

Su kansu mutanen Sin ba kullum suke girmama abin ba. A 1822 sarkinsu ya sa aka cire shi daga makarantar likitocin fada. A 1929 hukumomin lafiya na gwamnatin ƙasar suka yi yunƙurin soke maganin gargajiya ɗungurungum, sai da masu sana'ar suka tashi tsaye sannan aka fasa. Mao Zedong ne ya farfaɗo da shi bayan 1949, dalilinsa kuwa a fili yake, ga ɗaruruwan miliyoyin manoma, ga ƙarancin likitoci, ga kuma buƙatar abin alfahari na ƙasa. Likitan Mao na kansa, Li Zhisui, ya rubuta a littafinsa na 1994 cewa maigidan nasa yana tallata maganin gargajiya ga jama'a, amma shi da kansa ba ya shan sa. Shigar abin Amurka ma labari ne mai ban dariya. A watan Yuli na 1971 wani ɗan jaridar New York Times mai suna James Reston ya kamu da ciwon afendis a Bejin, aka yi masa tiyata irin ta asibiti da maganin kashe zafi irin na asibiti. Bayan tiyatar cikinsa ya kumbura, aka soka masa allurai, ya ji sauƙi, ya rubuta labarin a jaridarsa. Kafin ka ce kwabo labari ya rikiɗe a bakin mutane ya koma wai an yanka Ba'amurke da allura kaɗai ba tare da ya ji zafi ba. Shugaba Nikson ya ziyarci Sin a 1972, kasuwa ta buɗe. Mu da muke koyar da adabin baka mun san yadda labari ke yin ƙiba a hanya, ashe ba a dandalin tatsuniya kaɗai ake yi ba.

A nan zan ɗan tsaya a kan suna, domin sana'ata ke nan. Duk wanda ya fara kiran wannan abu “allurar Sin” ya yi wa masu shi gagarumar kyauta. A kunnen Bahaushe, da ma duk mai jin Hausa a Filato, allura ita ce sarauniyar magani. Tsohuwa za ta dawo daga asibiti tana mita cewa likitan nan bai san aiki ba, ko allura bai yi mata ba. Wannan daraja kuwa allura ta same ta ne da guminta, tun zamanin da fenisilin ta riƙa share tunjere da ciwon sanyi cikin 'yan kwanaki mutane suna gani da idonsu. Amma darajar ta ruwan da ke cikin sirinji ce. Allurar Sin ba ta ɗauke da ko ɗigon magani, tsinke ne kawai ake sokawa a bari na wajen rabin sa'a a zare. Mai fama da ciwo da ya ji kalmar allura ya riga ya sa rai da abin da ba shi za a ba shi ba. Da za a bi ta tawa, da “tsiren Sin” aka kira shi, ko “sukan tsinke”, sai mu ga mutum nawa za su yi layi.

To, yana aiki ko ba ya yi? Wannan tambaya an amsa ta gwargwado, kuma amsar ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi ba. Gwaji mafi shahara shi ne wanda aka yi a Jamus aka buga sakamakonsa a 2007. An ɗauki mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya aka kasa su uku. Kashi na farko aka yi musu suka a guraben da littafin Sin ya ce. Kashi na biyu aka yi musu na bogi, wato aka ɗan soka tsinken sama-sama a wuraren da ba gurabe ba ne, ba tare da sun sani ba. Kashi na uku aka ba su abin da asibiti ya saba bayarwa, ƙwayoyi da gashi da motsa jiki. Bayan wata shida, waɗanda suka samu sauƙi a kashi na farko sun kai 47.6 cikin ɗari, na bogi 44.2, na asibiti kuwa 27.4. Mai tallar allura zai ɗaga lamba ta farko da ta uku ya yi ta kururuwa. Ni kuwa ta tsakiya nake so mai karatu ya ƙura wa ido. Idan wanda ya soka a inda ya ga dama ya samu kusan abin da masanin gurabe 361 ya samu, ina amfanin zanen da ke bango? A 2009 wasu masu bincike a Amurka suka ƙara gaba, suka gwada mutum 638, wasunsu da tsinken sakace aka riƙa dannawa a bayansu ba tare da an huda fata ba, su ma suka samu sauƙi daidai da waɗanda aka soka wa allurar gaske. Tsinken sakace fa, irin wanda mai tsire ke ba ka kyauta!

Adalci ya sa in faɗi sauran. Da aka tattara bayanan majiyyata kusan dubu goma sha takwas a 2012, an ga cewa sukan gaske ya ɗan ɗara na bogi, sai dai ratar ƙarama ce. Hukumar NICE ta Ingila ta ce a 2016 kada a yi amfani da shi ga ciwon baya, a 2021 kuma ta ce ana iya gwada shi ga daɗaɗɗen ciwon jiki wanda ba a gano sanadinsa ba. Wato dai abu ne da ke rage wa wasu mutane raɗaɗi na wani lokaci, kuma kaso mai yawa na wannan sauƙi yana zuwa ne daga sa rai, da kwanciya shiru, da samun wanda ya saurare ka ya taɓa inda ke maka ciwo. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Matar da ta wuni da buhu a ka, aka shimfiɗa mata gado aka tambaye ta ina ne ke ciwo, aka zauna da ita rabin sa'a, ta samu abin da likitan da ke da mutum tamanin a bakin ƙofa ba zai iya ba ta ba. Sai dai wanzami ma yana ba da wannan, har da hira da tambayar lafiyar yara, a kan kuɗin da bai kai na kwanon masara ba. Idan kuwa aka kawo maka tarin takardu daga Sin masu cewa allura na warkar da kome, ka tuna da binciken da Andrew Vickers da abokansa suka buga a 1998, inda suka tarar cewa a cikin gwaje-gwajen da suka duba, duk wanda ya fito daga Sin da Japan da Hong Kong da Taiwan cewa ya yi abin yana aiki, babu ko ɗaya da ya ce a'a. Malamin da ɗalibansa ba sa faɗuwa ko sau ɗaya, ai jarrabawarsa ce abar dubawa.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne inda ɗan rakiya ke ƙwace tafiyar. An ce mana magani ne mai rakiya, wato yana bin bayan na asibiti yana riƙe masa jaka. A takarda ke nan. A cikin unguwa kuwa labarin daban ne. Na san wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya, wadda ta shekara biyar tana shan maganin hawan jini lafiya lau. Wata ƙawarta ta kai ta wani ɗaki inda wani saurayi mai farar riga ya sa ta riƙe wani ƙarfe da ke haɗe da kwamfuta, cikin minti biyu na'ura ta zayyano mata cututtuka goma sha. Ya ce mata, “Mama, waɗannan ƙwayoyin da kike sha su ne ke cinye miki ƙoda, ki ajiye su mu wanke jikin tukuna.” Aka shiga yi mata suka sau biyu a mako, aka haɗa ta da wani shayi mai tsadar gaske. Ta ce tana jin jikinta sakayau, kuma na yarda, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Wata na uku ɓarin jikinta na dama ya shanye. Yanzu 'yarta da ke aji biyar a sakandare ita ke zaman rumfa. Saurayin nan bai soka mata tsinke a huhu ba, ko da yake hakan na faruwa a hannun wanda bai ƙware ba. Da baki ya yi mata illa. Babu wata hujja a duniya da ta nuna cewa tsinke na iya maye gurbin maganin hawan jini, ko na ciwon suga, ko na tarin fuka, ko na ƙanjamau, ko na daji. Duk wanda ya ce maka ajiye maganinka, ka ajiye shi shi, ka kama gabanka.

Ba wai babu doka ba. Tun 1992, a Dokar Soja mai lamba 78, aka ɗora wa Hukumar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya alhakin sa ido kan masu irin waɗannan hanyoyin magani. Mutum nawa ne cikin masu zuwa a soke su suka taɓa cewa a nuna musu takardar rajista? Haka nan lambar NAFDAC da ake nuna wa mutane a jikin kwalin shayi, ga maganin ganye ma'anarta ita ce an duba ba a ga guba a ciki ba. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta, kuma a jikin kwalin ma akan rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe waɗanda ba mai karantawa.

Yanzu kuma bari in juyo kan 'yan'uwana masu kishin al'ada, waɗanda na san tun ɗazu suke gyaɗa kai suna jin daɗi. Kada ku yi saurin murna. Cewa allurar Sin ba ta fi ƙaho hujja ba, ba ya nufin ƙaho ya samu hujja. Mudun da na auna baƙo da shi, da shi zan auna ɗan gida. A cikin zabirar wanzami akwai abin da ya kamata a binne shi da rana tsaka. Aska ɗaya da ke bin kawuna goma ba a dafa ta ba, a ƙasar da binciken gwamnati na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin ɗari na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ai makami ce. Cire beli ga jariri ɗan kwana uku ya sha jawo zubar jini da sanƙarau na tsatsa, alhali belin nan ba ya hana kowa shan nono. Yankan gishiri kuwa, wanda ya ce al'ada ce a bar ta, ya je cibiyar masu yoyon fitsari ta asibitin Jankwano a nan Jos, ko Babbar Ruga a Katsina, ya dubi fuskokin 'yan matan da ke kwance, ya dawo mu yi magana. Kishin al'ada da ba ya iya cewa wannan kam kuskure ne, ba zai kai al'adar ko'ina ba sai gidan tarihi.

Wani abin takaici ma, ƙahon namu sai da ya fita waje aka sa masa riga sannan muka gane shi. Da aka ga shahararren mai ninƙaya Michael Phelps da tabon ƙaho a kafaɗa a wasannin Olamfik na Riyo a 2016, sai ga 'yan gayu suna tambaya ina ake yi. Shagunan hijama da suka yawaita a garuruwanmu, waɗanda mutane da yawa ke zuwa saboda matsayin ƙaho a sunna, kofunan roba da famfon zuƙa da suke aiki da su akasari daga Sin ake kawo su. Wato mun bar mutanen Bejin suna sayar mana da ƙahonmu, wanzamin da ya gaji sana'ar kaka da kakanni yana zaune a gindin mangwaro yana korar ƙuda.

Abin koyi a wurin mutanen Sin shi ne abin da suka yi wa gadonsu: sun rubuta shi, sun buɗe masa makarantu, har suka kai shi UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon ɗan Adam a 2010. Inda kuma suka yi abin a zo a gani na haƙiƙa, ta hanyar gwaji mai tsanani suka yi shi. Tu Youyou da abokan aikinta sun tattara fiye da haɗin gargajiya dubu biyu na zazzaɓi tun daga 1969, suka yi ta gwadawa suna zubarwa, har suka tsaya a kan wani ganye ɗan'uwan tazargade, suka fitar da sinadarin da a yau ake haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro da shi a kowane kemis na Anguwan Rukuba. Aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A lura, cikin dubu biyu ɗaya ne ya zama zakara, saura an watsar ba tare da an ce an ci mutuncin kakanni ba. Mu ma mun taɓa gwada irin haka. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi haɗin sikila daga hannun wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, ta gwada shi ta fitar da Niprisan. Cikin kayan haɗin har da masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da ke cikin kwandon kowace mai kayan yaji a Taminus.

Rubutu ma ba mu rasa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya bar littattafai a kan magani. Dalziel ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa tun 1916. Lewis Wall ya buga littafinsa a kan maganin Hausawa a 1988, Aliyu Muhammad Bunza ya yi nazari mai zurfi a kan magungunan malaman tsibbu, Bashir Aliyu Sallau kuma a kan wanzanci. Kowace shekara ɗalibanmu na rubuta kundaye a kan sassaƙe-sassaƙe da ɗori da ungozomanci, mu sa musu maki, a ɗaure da baƙin bango a jera a kanta, gara ta yi biki. Tsangayar harhaɗa magunguna tana cikin jami'a ɗaya da mu, asibitin koyarwa yana Lamingo, amma tsakaninmu da su sai gaisuwa a wurin taron majalisa. Su suna ganin mu masu tatsuniya ne, mu muna ganin su Turawa ne baƙaƙe.

Ga abin da nake ƙalubalantar mu da shi, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Gwajin da aka yi a Jamus, a yi wa ƙaho irinsa a Jos. A nemi Sarkin Aska da mutanensa, a ba su reza sabuwa da safar hannu ga kowane mutum, a koya musu alamomin da in sun gani za su tura majiyyaci asibiti ba tare da sun taɓa shi ba. A samo masu ciwon baya daga Anguwan Rukuba da Nasarawa da Dogon Dutse, ba za a sha wahalar neman su ba, a kasa su uku: ƙahon gaske, ƙahon da aka kafa ba zuƙa ba tsaga, da maganin asibiti. Likitoci su riƙe awo da lissafi. Mu kuma mutanen Hausa mu riƙe abin da ba wanda ya iya shi sai mu, wato tsara tambayoyin da za su bambance mai cewa bayansa na sara da mai cewa yana zogi, da mai cewa ya riƙe, da mai cewa yana yi masa tafiyar tururuwa, domin takardar da aka fassaro daga Turanci duk “ciwo” za ta kira su. Bayan wata shida a buga abin da aka samu, ko ya yi wa wanzamai daɗi ko bai yi ba, da Turanci saboda mujallun likitoci, da Hausa kuma saboda a karanta wa waɗanda aka kafa wa ƙahon.